Kusurwar Zanin Gado

Ranar da aka dawo da shi Tamawa daga asibiti, hannun dama a shanye, ba ciwon ne ya fi damunsa ba. Gadonsa yake tunani.

Tun yana kurtu a sansanin horar da sojan ruwa ya koyi ɗame zanin gado. Kofur ɗinsu, da ya ga inda ya yamutse, sai katifar mutum ta kwana a taɓo. Sansanin ya daɗe da zama kango, amma kullum bayan sallar asuba tsohon da kansa yake gyara gadonsa, matarsa na yi masa tsiya: "Malam, Tamawa ce nan fa, ko kwalekwale babu!"

Aka shigar da shi ɗaki. Ya kai hannun hagu ya shafa zanin. Sumul, kowace kusurwa a naɗe tsaf, yadda kofur ke so.

Ya ɗaga kai. Matarsa na tsaye ƙiƙam a bakin ƙofa, tana jiran hukunci.

"Hajiya, ke da kika yi shekaru kina yi mini dariya?"

"Dariya nake yi," ta ce, "amma ai ban rufe ido ba."