Zaren da Aka Hana Ailin

"Sake gwadawa," Rumyana ta ce wa 'yarta, tana murɗa jan zare da fari a kan teburin kicin. "Ni ce ke, ke ce Kalina."

Gobe ɗaya ga Maris, ranar da kowa ke ɗaura wa abokinsa martenitsa, wato murɗaɗɗen zare ja da fari, a hannu don fatan lafiya. Amma Kalina, gimbiyar aji biyar, ta kafa doka: duk wadda ta ɗaura wa baƙuwar yarinya Ailin zare, ta fita daga sahu. Haka Tsveta, 'yar Rumyana tilo, ta faɗa wa uwarta, idonta a ƙasa.

Tsveta ta gyara zama, ta ɗage gira. "To uwar tausayi, je ki ɗaura mata. Sai ki nemi wanda zai zauna kusa da ke har ki tsufa."

Rumyana ta ajiye zaren. Ita da take da shekara arba'in, sai da gabanta ya faɗi. Ina ga yarinya ƙarama? Duk dabarun da ta shirya, irin su "ki ce a'a" da "ki bar wurin", suka zama shirme a kunnenta. Tausayin 'yarta ya cika ta.

Washegari ta bar gidan burodin da take aiki, ta nufi makaranta da zare a aljihu. Idan yara sun kasa, ita za ta yi. Filin ya cika da ihu. Ta hango Tsveta a tsakiyar 'yan mata, zare har gwiwar hannu, ta ji sanyi a ranta: ko ba komai ba su ware ta ba.

Ailin ba ta yi wuyar ganewa ba. Tana jikin katanga ita kaɗai, hannu fayau.

"Miƙo hannunki, 'yata."

Yarinyar ta ɓoye hannun a baya. "Don Allah, Inna, kar ki ja mini."

"Kalina kike tsoro? Nuna mini ita, yau za ta san da manya a garin nan."

Ailin ta dube ta da mamaki.

"Ba mu da Kalina a ajinmu, Inna. Tsveta ce ta hana."