Ɓera Mai Kwana Goma

Sati biyu da rasuwar ɗanta ta koma ɗakin ɓerayen bincike, inda take wanke keji tana zuba musu abinci. Aikin ranar shi ne ta juya jariran ɓerayen da suka kwana goma, ta ware mazan ta miƙa wa likita. Wanda aka miƙa ba ya dawowa.

"Wai me kuke nema a 'yan marainansu, Likita? Ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba."

"Yanzu ƙwayoyin gado suke farkawa a ciki, Iya," in ji likitar tana gyara safar hannu. "Zuriyar namiji duk tana nan tun yana shan nono."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai gane ashe ba yaro ɗan shekara tara kaɗai aka binne mata ba, har da jikokinta.

A keji na ƙarshe jariri ɗaya ne tal, uwar ta kwanta a kansa. Ta ɗago shi ta juya. Namiji ne.

"Wannan fa, Iya?"

"Mace ce."

"To, mayar wa uwarta."

Ta mayar, ta rufe kejin, ta ɗauki tsintsiya.