Garin da ba a yi masa guzuri

Akwai wani saurayi da ƙafarsa ba ta san zama ba. Ya yi Agadas, ya yi Kurmi, ya yi bakin teku, kuma duk garin da aka ambata a gabansa sai ya tambaya, "Kwana nawa ne a hanya?" Mahaifiyarsa ta san tambayar nan kamar yunwar cikinta. Da ta ji ta, sai ta ɗebo gero ta fara daka masa guzuri. A haka gonar mahaifinsa ta yi shekaru ba shuka. Bana ya dawo dab da faɗuwar damina, ya ce ya zauna ke nan, amma shi kansa bai yarda da ƙafarsa ba.

Wata asuba za su masallaci da maƙwabcinsa, malamin kimiyya a sakandare, sai malamin ya tsaya a ƙofar gida ya nuna masa wani ɗan fari-fari a sama, kamar an shafa gari a baƙin zane. Ya ce wancan wani gungun taurari ne mai maƙwabtaka da namu, taurari irin ranarmu da ke cikinsa sun fi ƙarfin ƙirge. Saurayi ya ji tsohon ƙaiƙayin ya taso masa a tafin ƙafa. Kafin ya ankara bakinsa ya riga shi: "Kwana nawa ne a hanya?" Malam ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, haske da ba abin da ya kai shi gudu sai da ya haura shekara miliyan biyu kafin ya iso idonka. Wace tashar za ka hau mota?" Saurayi ya daɗe da kai a sama. Sai ya ji kafaɗunsa sun sauka kamar an sauke masa buhu. Yau ga wurin da zai kalla ya more, ba wanda zai ce ya gaza don bai je ba.

Da suka dawo ya ji ƙarar taɓarya. Ashe tsohuwarsa ta jiyo tambayar tana alwala, har ta fara daka, tana share ido da gefen mayafi. Ya riƙe taɓaryar, ya jawo ƙwaryar geron da bai shiga turmi ba, ya ce, "Inna, bar wannan. Iri ne."

Dama Hausawa sun ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.