Wayar da Ta Ƙi Faɗin Sunan Habu

Tun da aka hana shigo da manhaja, kowace waya sai an kai wa mai haɗi ya gina mata tata a kwamfuta. Asabe ba ta yarda da Ɗanjummai mai haɗi ba, don ana raɗe-raɗin daga wayoyin matattu yake kwaso kayan aiki.

"Wallahi sabuwa fil na haɗa miki, Hajiya," in ji shi.

Ta karɓi wayar ta ce mata, "Kira min Habu direba."

Sai wayar ta ce, "To, bari in kira yaron nan."

Asabe ta zuba wa Ɗanjummai ido. Uwa ce ke kunyar faɗin sunan ɗanta na fari, kuma makon jiya aka kai uwar Habu makwancinta.