Gyara na Arba'in da Uku

Ranar Litinin da safe Darakta ya ajiye mata gyara na arba'in da uku a kan tebur, a takarda guda kamar yadda ya saba. Masu aikin sun sake shawara, in ji shi. Yanzu so suke kowane sito ya riƙa ganin kayan da ke sauran sitocin.

Manajar aikin ta karanta a tsaye. Wata goma sha ɗaya ke nan tana jan ragamar mutum bakwai, suna gina wa wani kamfanin rarraba magunguna manhajar kula da sitocinsa, aikin da aka ce wata biyar zai ci. Da zarar sun hango ƙarshe sai takarda ta sauko daga bene.

"Ranka ya daɗe, ka bar ni in zauna da mutanen nan ko sau ɗaya," ta ce.

"Bar ni da su. Masu zafin kai ne, ɗanya za su cinye ki."

A ɗakin aikin, Aljani suke kiran wanda ya ba da kwangilar, tunda ana jin motsinsa amma ba a ganinsa. Dogo ne ya raɗa sunan, wanda ya fi kowa iya rubuta manhaja, ya kuma fi kowa baki. Da farko ita ma takan yi dariya. Daga baya ta hana.

Darakta kuwa alfahari yake da su. Kusan duk mako sai ya shigo da baƙi masu kwat, ya tsaya da su a bakin ƙofa ya nuna allon da ta cika da jadawali. "Babbar kwangilarmu ke nan," yakan ce. Su gyaɗa kai su yi rubutu. Idan sun tafi ya kira ta ofis ya wanke ta tas: ita ce ba ta iya riƙe mutane ba, ita ce za ta kunyata shi.

Sai ta sauke a kan na ƙasa. Ta soke hutun kowa, ta mayar da Asabar ranar aiki. Ran da Dogo ya jefar da takardar gyara ya ce aikin nan ba don a gama shi ake yi ba, a gaban kowa ta ce ya tattara kayansa. Kwana tara ke nan da haihuwar matarsa.

"Anti, ni ne fa," ya ce, yana riƙe da kofin shayinsa.

"Na san kai ne. Ajiye katin shiga a tebur."

Ba wanda ya ƙara yin barkwanci a ɗakin. Idan ta shigo sai a ji ƙarar madannai kawai.

A wata na goma aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti. Yayanta ya kira ranar Laraba da hantsi, daidai lokacin da Darakta ya ce masu aikin na jiran gwaji kafin azahar, in ba haka ba za su janye.

"Mama na kiran sunanki."

"Yaya, awa biyu kawai. Ka ce mata ina hanya."

Awa uku ta yi. Ta tarar an ja labule, an cire ƙarin ruwan, Yaya na zaune a bakin gadon yana naɗe zanen Mama. Bai yi mata faɗa ba. Ya dai matsa gefe don kada kafaɗarsu ta haɗu. Washegari Darakta ya aiko da saƙon ta'aziyya mai layi biyu, a ƙasa ya ƙara cewa masu aikin sun ɗage gwajin.

Kwana huɗu ta yi ta koma aiki. Ta ce wa mijinta idan ta bari aikin nan ya rushe, to a banza ta rasa ganin Mama. Ya daɗe da daina tambayarta yaushe za ta dawo gida.

Gyara na arba'in da uku shi ne na ƙarshe. Bayan mako biyu aka tara ma'aikata aka sanar cewa baƙin nan masu kwat sun saye kamfanin. Darakta ya yi jawabi, ya yaba mata da suna, aka tafa, ya ɗauki jakarsa ya yi sallama. Takarda ba ta ƙara saukowa ba. Cikin kwana goma sha biyu mutanenta suka gama komai.

Sabbin shugabannin suka ce ta kai aikin da kanta. Ta sa rigar da ta fi so, ta ɗauki kwamfuta, ta zauna minti arba'in a ɗakin jira na kamfanin magungunan. Daga bisani wata dattijuwa mai tabarau, shugabar sashen sitoci, ta shigo da ita.

Manajar ta fara da ba da haƙuri a kan jinkiri. Ta ce duk gyare-gyaren da suka nema an yi, ba a bar ko ɗaya ba, ta buɗe kwamfutar ta juya mata.

Dattijuwar ba ta dubi kwamfutar ba. Ta daɗe tana kallon fuskarta, sannan ta miƙe ta zaro fayil daga kabad, ta buɗe shafin da Darakta ya sa hannu, ta tura mata a hankali.

"'Yata, wane gyara? Mu tun wata na biyu muka soke kwangilar nan. Shugabanku ne ya roƙe mu mu yi shiru har ya sami mai sayen kamfaninsa."