Titin da Ya Ci Masallacin Gindin Dutse

Injiniya ya shimfiɗa taswira a kan tabarma, ya danne gefenta da kofin shayi, ya ja yatsa a kanta.

Majalisar gari ta daɗe tana ja-in-ja a kan sabon titin da zai ratsa unguwar Mansur saboda motocin alhazai. An zauna an tashi, an kafa kwamiti, kwamitin ya kafa wani. Hanya biyu ce kawai. Ko titin ya bi ta ƙaramin masallacin da Hausawa suka gina a gindin dutse, ko ya kauce ya cinye layin gidajen katako da ke bayansa. Babu ɗan majalisar da ya yarda a ce da bakinsa aka rushe ɗakin Allah a Makka. Sai suka turo maganar wurin umda, wato mai unguwa, suka ce mutanen wurin su zaɓa da kansu.

Malam Yunus, limamin masallacin, na zaune kusa da umda, yana bin fuskokin jama'a da ido. Injiniya ya ce idan gidajen aka zaɓa babu wanda zai yi asara. Ma'aikata za su bi ƙofa ƙofa, kowa ya nuna iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, a ba shi diyya.

Mutanen layin baya suka sunkuyar da kai.

Masu maganar duk haifaffun Makka ne, masu takarda da kantuna, yawancinsu ma sun koma unguwar Zahir da zama. Mukhtaru mai sayar da yadi ya fi kowa zafi. Ya ce mahaifinsa da kansa ya ɗauko duwatsun ginin nan a ka, kuma gida ana sake gina shi ko'ina. Aka yi ta gyaɗa kai.

Yunus ya san layin baya ɗaki ɗaki. Ya san Hure mai waina, wadda ta taso a ƙafa daga ƙasar Sakkwato ta binne mijinta a hanyar Sudan. Ya san Ɗan'auta mai ɗiban ruwa, da 'ya'yansa da aka raɗa wa suna a nan amma babu inda aka rubuta su. A duk layin babu mai iƙama. Ranar da ma'aikata suka ƙwanƙwasa ƙofar farko, babbar mota ce za ta biyo bayansu, daga nan sai Jidda, sai jirgin ruwan da zai mayar da su ƙasarsu.

Ba zai iya faɗin haka ba. Injiniya na zaune, magatakardan umda na riƙe da alƙalami.

Da surutu ya lafa, idanu suka juyo kan Yunus. Ya gyara murya.

"Masallacin ya tsufa," in ji shi. "Bangon alƙibla ya tsage, rufin yana yoyo. Harami kuma ba shi da nisa. A rushe shi, a bar gidajen."

Mukhtaru ya miƙe tsaye. "Malam, kai ne da wannan magana?"

"Ni ne."

Umda bai bari an ƙara komai ba. Ya ce halas, wato shi ke nan, tunda daga bakin Malam ta fito, an gama. Injiniya ya naɗe taswirarsa. Majalisar da ta shekara tana jan ƙafa ta amince cikin mako guda, kowane ɗan majalisa ya koma gida hannunsa wanke.

Kafin nan magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce an yi wa Yunus alkawarin fili a Zahir. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa masa kai. Masu tsayawa su gaishe shi suka koma tsallaka hanya. Matan da ke aiko wa matarsa Rabi'atu da abinci ranar Juma'a suka daina. Masallacin ma ya riƙa raguwa da mutane, gara su gangara Harami cikin rana.

Yunus ya yi zaton mutanen layin baya za su gane. Sun gane ɗin, shi ya sa ba sa iya haɗa ido da shi. Wata safiya ya tarar da Hure a bakin tandarta. Ta ja mayafi ta kawar da fuska.

"Malam, da ka bar mu da Allah," in ji ta a hankali. "Yanzu ta yaya zan kwana a ɗakin nan, na san abin da aka bayar a madadinsa?"

Ya juya ya kama hanyar gida.

Katafila ta zo da hantsi. Yunus ya tsaya daga nesa, a inuwar wani kanti da mai shi bai ba shi kujera ba. Rufin ne ya fara tafiya. Bangon alƙibla, wanda ya ce ya tsage, sai da aka yi ta dukansa kafin ya faɗi. Zuwa la'asar babu abin da ya rage sai fili da tarin duwatsu a gefe.

Da magariba ta yi, mutane suka fito da tabarmi suka shimfiɗa a kan filin, don a yi sallar ban kwana. Sun fi kullum yawa. Yunus ya yi alwala ya nufo su, ya fara ratsa jama'a. Mukhtaru ya sa hannu ya tare shi, bai ɗaga murya ba.

"Wuce baya, Malam."

Yunus ya duba ko wani zai ce wani abu. Ɗan'auta yana kallon ƙafafunsa. Umda yana gyaran rawani.

Yunus ya juya, ya bi ta gefen tabarmi har ƙarshe, inda shimfiɗa ta ƙare. Ya tsaya a kan tsakuwa, babu kowa a damarsa, babu kowa a hagunsa. Can gaba wani ya yi kabbara, Yunus ya ɗaga hannu ya bi.

Tun ranar da aka ɗora wa masallacin nan rufi shi ne limaminsa, sai yau ya san yadda sahun baya yake.