Murjanin Malam

Ɗigo bakwai ta ɗiga a 'yar kwalbar, ta girgiza, ta ɗaga ta saitin taga. Ja wur. Ta biyun kuma ta yi shuɗi kamar an jiƙa bula. Uwar Kifi ta gyara tabarau, ta kara su da katin launi, ta ja tsaki. Naitiret ya sake hawa, fosfet ma haka, sinadaran nan biyu da take aunawa a ruwan kifayenta.

Maƙwabta ne suka laƙaba mata sunan, saboda tankin gilashin da ya cinye rabin falonta. Na Malam ne, mijinta, wanda ya koyar da kimiyya shekara talatin, ya ƙare yana dama ruwan gishiri a bokiti. Kifayen biyar ne, amma 'yan rakiya ne. Murjanin shi ne mai gida: halitta mai rai, mai rassa kamar ƙahon barewa, da Malam ya raina tun bai wuce ɗan yatsa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Malam, abu biyu ya bar mata. Kada ta bar awon nan biyu ya hau, don kashin kifi da ragowar abinci ke kawo su, su kuma su gayyato gansakuka ta shaƙe murjani. Sannan kada ta taɓa shi da hannu.

Shekara uku ta riƙe amana. Sai ta zame a banɗaki, ƙugu ya goce, aka yi sati shida a asibiti. Auta, 'yarta da ke zaune da ita, ita ta kula da tankin. Ranar sallama, kafin Uwar Kifi ta zauna ta dogara sanda har gaban gilashi. Murjanin na nan tsaf ƙarƙashin shuɗiyar fitila, har ya fi da haske.

"Kin ga ɗan naki, Mama," in ji Auta. "Ko kewarki bai yi ba."

Tun daga nan awo ya ƙi sauka.

Babu abin da baiwar Allahn nan ba ta yi ba. Canjin ruwa na sati biyu ta mayar da shi kowane sati, tana jan bokiti da ƙugun da likita ya ce ko buta kada ta ɗauka. Ta wanke soson tacewa har ya yage. Ta sauya garin da ke tsotse fosfet. Ta rage wa kifayen abinci, ta sake ragewa, har ɗan rawayan da Malam ya fi so ya rame, wata safiya ta tarar da shi ciki sama. Ta yi kuka, ta kwashe shi da cokali, ta ce gara shi da murjanin.

Gansakuka kuwa ta ci gilashi, ta ci duwatsu, ta fara hawa rassan. Shi dai murjanin ko gezau. Launinsa bai dusashe ba, bai sunkuya ba, bai ƙaru ba. Ta ce haƙurin Malam ya gado.

Auta kan tsaya a bakin ƙofa tana kallonta da bokiti. "Mama, ki huta mana. Lafiyarsa lau fa." Tana faɗa ta wuce kicin.

Da wata goma suka cika, Uwar Kifi ta gama lissafinta: ruwan da take saye ne. Mai shagon kifi tsohon ɗalibin Malam ne, har gawarsa ya ɗauka, amma ai ɗan Adam ne. Ta je ta same shi gaban masu sayayya, ta ce ya ji tsoron Allah, ya ga malaminsa ya kwanta dama shi ne yake ɗura wa tsohuwa ruwan famfo.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ɗebo ruwan jarkar da ta zo da ita, ya ɗiga magani a gabanta. Fari tas.

"Mama, ruwana ba shi da laifi," ya ce. "Kuma murjani mai girman na Malam yana shan nasa kason na sinadaran nan, ya kamata ya taya ki rage su. Yanko mini ɗan reshe in duba. Ki sa safar hannu, almakashin Malam na nan ai. Ƙaras za ki ji ya karye kamar alli."

Kunya ta hana ta ba shi haƙuri. Ta koma gida.

Tana zare almakashin daga aljihun tebur Auta ta fito, hannunta duk kumfa.

"Me za ki yi da wannan?"

Ta gaya mata.

"Bari ni in yanko gobe, Mama. Tsayuwar nan ba ta yi miki."

"Wata goma ina jan bokiti ba ki ga tsayuwa ba sai yau?"

Ta hau 'yar kujera, ta naɗe hannun riga, ta yi bismillah. Ta zaɓi reshe mafi ƙanƙanta, tana ba shi haƙuri a ranta kamar mai cire wa jariri ƙaya. Ta matsa. Bai karye ba. Ta ƙara ƙarfi, reshen ya lanƙwashe, da ta saki ya miƙe ya koma yadda yake.

Ta juyo. Auta ta jingina da bango, kumfa na ɗiga daga yatsunta, idonta a ƙasa.

"Na Baba ya mutu tun satinki na farko a asibiti, Mama," ta ce. "Wannan roba ce."